Fartanyar Dila da Geron Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta, in ji ku.

A wani gari akwai Dila, maƙeri ne, hannunsa da kyau, zuciyarsa kuwa sai addu'a. Ya ƙera wata fartanya mai cin ƙasa kamar wuƙa a kabewa. Sai Biri ya ara. Da ya gama, Zomo ya karɓa. Daga Zomo ta faɗa hannun Bushiya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da 'yar gona. Kun san halin mutanenmu, kayan aro sai ya zaga unguwa kafin ya ga gida.

Bushiya ta yi noma, gero ya yi kyau. Ranar da ta ɗaure dammunanta, sai ga Dila da jakuna.

"Sannu da aiki, Iya. Na zo kwasar gerona."

Bushiya ta ce, "Geronka? Wane gero, Malam Dila?"

"Duk gonar da fartanyata ta taɓa, amfaninta nawa ne. Tun tana wuta na raɗa mata wannan sharaɗi."

"Ni ban ji ba!"

"Kin kama ƙota. Kamawar ita ce yarda."

Bushiya ta dubi dammunanta. Abincin 'ya'yanta ke nan har wata kaka. Ta ruga wurin Zomo, ya dafe ƙirji ya ce bai taɓa ji ba. Ta je wurin Biri, ya riƙe baki ya ce shi ma nasa jiya aka kwashe. Sai ta kai ƙara gaban Kunkuru, mai unguwa, ta roƙi a zauna a ƙofar gidanta.

Jama'a suka taru. Bushiya ta kawo wa Dila ruwan baƙo a ƙwarya, kamar yadda aka saba. Ya shanye tas.

Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, a yanko mini jelarsa. Na raɗa wa ƙwaryar nan cewa duk wanda ya sha a cikinta, jelarsa tawa ce."

Wuri ya ɗauki salati. Dila ya zabura, ya rungume jela. "Yaushe na yarda? Wa ya gaya mini?"

"Ka kafa baki. Kafawar ita ce yarda."

Kunkuru ya miƙo wuya. "Malam Dila, in raɗar maƙera ta ɗaure ta, raɗar ƙwarya ta ɗaure ka. Kwashi gero ka bar jela, ko ka tafi da jela ka bar gero. A kawo wuƙa."

Kafin wuƙa ta iso, Dila ya kai bakin daji, jakunan ma bai waiwaya ba. Da yamma 'ya'yan Bushiya suka ci tuwon sabon gero har da ƙari, uwar tana kallonsu tana share hawaye.

To yara, ku riƙe wannan: maganar da ba a faɗa wa mutum ba, bai ji ba, bai ce na yarda ba, ba ta hawa kansa.

Ƙurunƙus, a nan na sauke ta.