Ƙuri'a Ɗaya Tilo a Rafin Kuka

An yi wani ciyaman na jam'iyya a Rafin Kuka, Alhaji Barau, wanda ya raba shinkafa da atamfa don zaɓen shugaban ƙasa. Da aka ƙirga, ɗan takararsa ƙuri'a ɗaya tak ya samu a rumfar da shi kansa ya yi zaɓe.

Ya huce a kan Tabawa, mai tuyar ƙosai a ƙofar ofishinsa.

"Kin ci shinkafata! Kawo shaidar mu kika zaɓa, ko ki kwashe kaskonki yau."

"Ranka ya daɗe, ai ɗayar nan tawa ce."

"Ƙarya kike, tawa ce!"

"To, shi ke nan. Idan manya sun kira daga Abuja, sai ka ce duk rabon da ka yi bai jawo mutum ko ɗaya ba, har Hajiyarka ta gida."

Alhaji ya cire hula, ya share gumi. "In kuma taki ce fa?"

"Kamfen ya yi aiki ke nan. Ka jawo mace guda sukutum, mai sana'a."

"To ni tawa ina ta shiga?"

"Ka ce tawada ta yi maka yawa, ka dangwala har gidan maƙwabta, aka soke ta."

Tabawa na nan tana tuya har yau. Alhaji kuwa shi ke bin majalisu yana rantsuwa cewa bai iya dangwale ba.