Makullin Shuɗiya

To, tunda ruwan nan ya hana mu aiki, ku ajiye sufanu ku matso ƙarƙashin rumfa. Kai mai danna waya, ajiye ta, ba guduwa za ta yi ba. Labari zan ba ku, kuma ba na aljanu ba ne, na mutane ne irinmu masu baƙin mai a farce. In na gama ku za ku yanke hukunci, don ni dai abin ya fi ƙarfina.

A Funtuwa akwai wani tsohon direba, Malam Sallau. Motarsa ɗaya tal a duniya, ya saye ta sabuwa fil tun kansa bai san furfura ba. Shuɗiya ce, sunan da ya bi ta ke nan. Shekara talatin yana jigilar fasinja da ita zuwa Zariya, bai taɓa yarda an ɗaura mata ko noti ɗaya wanda ba na kamfaninta ba. In bakanike ya ce masa ga wani mai sauƙi da zai hau daidai, sai ya ce waɗanda suka ƙera ta sun fi ka sanin abin da ya dace da ita. Gara ya ajiye ta sati biyu yana jiran gangariya. Mu kanmu mun sha yi masa dariya, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ido ya fara yi masa gardama. Yau dishi-dishi, gobe duhu, har ya rufe gaba ɗaya. Ba a yi shekara ba matarsa Hanne ta rasu. 'Ya'yansa uku, duk maza, kowa ya kama gabansa. Babban, Nalado, yana sayar da kayan gyaran mota a Kaduna. Na tsakiya, Barau, bakanike ne a Kano, irin waɗanda za ka kai musu mota su mayar da ita wata halitta daban. Ƙaramin, Isuhu, direban tanka ne, gidansa hanya. Ba su yar da shi ba, kar ku ɗauki alhakinsu. Suna aiko da abinci da sutura, sun sa wata maƙwabciya tana dafa masa. Amma zuwa sai da Sallah, su kwana ɗaya su juya.

Shuɗiya tana ajiye a tsakar gida, an ɗora ta kan duwatsu. Kullum bayan la'asar tsohon nan zai lallaɓa da sandarsa ya buɗe ƙofar direba, ya zauna, ya ɗora hannu biyu kan sitiyari. Na taɓa shiga na tarar da shi haka, na tsaya na fi minti goma bai san da ni ba. Wallahi tausayi ya hana ni yin sallama, na juya na fita. Shekara tara yana wannan zaman.

Mutum ɗaya ya rage a duniya wanda ya san shi tun yana yawo ba wando, yayarsa Kande. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana can ƙauyensu, Kwarin Ɗinya, nesa da kwalta, sai ka bi burji ka ƙetare rafi. Rabonsu da juna tun zaman makokin Hanne. Ana tsakiyar damina saƙo ya zo cewa Kande ta kwanta, ta daina cin abinci, ba ta kiran sunan kowa sai na ƙanenta. Mai kawo saƙon ya ce in za a zo a zo cikin satin nan.

'Ya'yan suka taru. Isuhu ya ce abu mai sauƙi, zai aro babbar mota mai hawa ko'ina su tafi gobe da safe. Tsoho ya ce ba inda za shi. Na san abin da za ku ce, taurin kai, ni ma haka na ce. Aka kira limamin unguwa ya yi masa nasiha, aka kira ni, duk a banza. Da ya gaji da mu sai ya ce:

"Ku ba ku san duhu ba. A motar wani ni kaya ne, ban san inda aka nufa da ni ba. A Shuɗiya kunnena yana gani. In ba ita ba, ku bar ni Allah ya haɗa mu da Yaya a can."

Ya faɗa, hawaye na bin gemunsa. Yana son zuwa kamar ya mutu, tsoro ne ya ɗaure shi.

To ga abin da kowanne ya yi, ku buɗe kunne, kar wani ya ce mini daga baya bai ji ba.

Nalado shi ya gado halin uban. Duk shekarun nan tara, in ya zo Sallah, kafin ya ci tuwo sai ya zuba wa injin mai ya juya shi da hannu don kada ya kama. 'Yan gwangwan sun yi ta zarya suna son su saye ta su farfasa, shi ya kore su. Yanzu da aka buɗe ta, an tarar kafireto ya ruɓe, fanfon mai ya mutu, wayoyi ɓera ya gama da su. Kowa ya ce a sa na zamani a wuce wurin. Nalado ya ce in dai muryarta ta canza, Baba ba zai shiga ba. Ya rufe shagonsa, ya bi bolar tsofaffin motoci ta gari uku cikin kwana biyu, yana tona tulin ƙarfe da hannunsa har wani ƙarfe ya tsaga masa tafin hannu. Ya dawo da kayan asali, irin nata sak. A rana ta uku aka murɗa makulli, ta yi tari sau biyu ta ɗauka. Tsohon yana ɗaka ya ji, ya fito ba sanda, yana laluben bango. Ya ce ita ce. Ba domin Nalado ba, da maganar tafiya ba ta taso ba.

Barau kuwa bai tsaya sauraron inji ba. Ya hau babur ya je ya gano hanyar da idonsa, ya dawo laka har gwiwa. Ya ce wa yayansa motar nan an ƙera ta ne don kwalta, cikinta a ƙasa yake, tayoyinta sirara, ko rabin burjin ba za ta yi ba za ta zauna, balle rafi. Nalado ya ce kada ya kuskura ya taɓa ta. Suka yi cacar baki har maƙwabta suka leƙo. Barau ya yi kamar ya haƙura, ya ce zai kai ta a duba birki. Yana fita da ita ya wuce garejin wani abokinsa. Ya cire sifirin ɗinta ya sa na a-kori-kura, ta ɗaga sama. Ya sa mata manyan tayoyi masu haƙora, da suka ƙi shiga ya sa wuta ya yanke bakin madigadi, ƙarfen da ke saman tayoyin. Ya ɗaga bututun shan iska don kada ruwa ya shiga injin. Injin kansa bai taɓa ba. Da Nalado ya ga inda aka yanke, ya dafe kai ya zauna a ƙasa, ya ce ƙarfen da ubansu ya yi shekara talatin yana karewa an yanka shi kamar gwangwanin madara. Barau ya ce gara a yanka ƙarfe da a tarar da kabari. Ba domin Barau ba, da Shuɗiya tana nan cikin taɓo har yau.

Saura Isuhu. Shi bai ɗaura noti ba bai kwance ba, tuƙi aka ba shi. Yayyen biyu suka haɗa baki a karo na farko, suka ce kada a gaya wa Baba komai. Suka tsayar da motar jikin dakalin ƙofar gida don kada ya ji tsayinta in zai shiga. Kun ji wauta. Mutumin da ya san motar nan fiye da yadda ya san fuskar 'ya'yansa, shi za a yi wa wayo da dakali? Ba su yi nisa da gari ba ya karkata kai, ya ji gurnanin sababbin tayoyi a kan kwalta, ya ji bayan motar yana tsalle ba yadda ya saba ba. Suna sauka kan burji ya ce a tsaya. Ya buɗe ƙofa ya zura ƙafa, ƙasa ta yi masa nisa. Ya sauka ya bi jikinta da tafin hannu har ya kai inda aka yanke. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya koma gefen titi ya zauna, ya ce a mayar da shi gida, tunda har 'ya'yansa sun fara cin amanar makantarsa.

Nalado da Barau suka shiga nuna wa juna yatsa. Isuhu ya tsuguna gaban uban ya gaya masa gaskiya duka, abin da aka cire, abin da aka sa, da dalili. Ya ba shi haƙuri. Tsoho bai ɗago ba. Sai Isuhu ya zare makulli ya sa masa a hannu.

"Baba, tashi ka ja ta da kanka. In ka ji ba ita ba ce, mu koma."

Yayyen suka ce ya haukace. Ya ce su yi shiru. Sun riga sun sauka kan burji, hanya miƙaƙƙiya, ba kowa sai gonakin dawa hagu da dama. Ya zaunar da uban a kujerar direba, shi ya zauna a gefe, yatsunsa biyu a ƙasan sitiyari. Tsohon ya taka kuloci, hannunsa ya tafi kan giya ba lalube. Suka tafi a hankali, Isuhu yana cewa ɗan dama, Baba, miƙe, rami a gaba. Sun yi kusan mil guda a haka. Da ya tsaya, ya daɗe bai saki sitiyarin ba. Sannan ya ce an canza mata takalmi, amma ita ce, a tafi. A bakin rafi Isuhu ya karɓa, ya shiga ruwan da giya ɗaya, ruwa yana dukan ƙofa, bai ɗaga ƙafa ba har suka haye. Ba domin Isuhu ba, da aikin yayyensa duka biyu ya ƙare a gefen titi.

Sun tarar da Kande da rai. Aka kai shi bakin shimfiɗarta, ta kama kunnensa kamar yadda take yi yana yaro, ta ce, "Auta, sai yanzu?" Dattijo mai jikoki, ya kifa kai a kan hannunta yana kuka. Kwana biyu suka yi suna hira, tana tuna masa mutanen da ba wanda ya san sunansu yanzu sai su biyu. A na uku, da hantsi, ta cika.

Bayan addu'ar bakwai suka dawo da shi Funtuwa. Ya tara su ya ce shi da Shuɗiya sun gama, ta kai shi inda ba shi da sauran wurin zuwa bayansa. Zai ba da ita kyauta tun yana raye, ga wanda ya kai shi ga yayarsa. Su ukun suka amince ba za a sayar ba, ba za a raba ba, wanda ya samu ya samu. Nalado ya ce in tasa ce zai kwance duk abin da Barau ya ɗaura, ya nemo madigadi na asali, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ya lulluɓe ta. Barau ya ce motar da ba ta tafiya gawa ce, shi zai ƙarasa aikin, ya dasa mata sabon inji ta koma neman abinci. Isuhu ya ce shi ba zai ƙara ba ba zai rage ba, haka zai bar ta, rabi ta uba rabi ta 'ya'ya.

Tsoho ya ce zai yi tunani. Tun daga ranar, duk Juma'a sai ka ga su uku a gidan. Wannan ya zo da tsire, wancan da lemo, kowa yana kawo hujjarsa, gardama har waje ana ji. Kaka ta wuce, rani ya wuce, ga wata damina muna ciki, bai yanke ba.

Shekaranjiya na je gaishe shi. Ya yi rauni ƙwarai, numfashi sama-sama. Na ce masa Sallau, ka ji tsoron Allah ka raba gardamar nan tun kana da baki, kada ka bar musu gaba. Ya ce ya sani, kuma ya yi niyyar bayarwa Juma'ar nan mai zuwa. Ya laluba aljihu ya taɓa makullin, sai ya ce da ni a hankali:

"Ranar da na miƙa shi, ɗaya zai tafi da mota, biyu su tafi da fushi. Wa zai zo mini wata Juma'ar?"

Ya roƙe ni in tambayi masu sana'a, tunda mu muka san darajar kowane aiki, kuma ya ce abin da muka faɗa shi zai yi. Don haka kada wanda ya yi mini garaje, ku san abin da amsarku za ta jawo wa mutumin nan.

To, ga ku ga ta. Wanda ya dawo wa motar da muryarta har uban ya yarda ya shiga, da wanda ya yanka jikinta har ta iya hanyar, da wanda ya ba makaho sitiyari har ya yarda a ci gaba: a tafin wa za ku ce Malam Sallau ya sa makullin nan ranar Juma'a?