Kwat ɗin Fintan da Jan Fatarin Surukarsa

Dalilin da ya sa manoman ƙasar Ayilan ke juya riga baibai in sun ɓata a gona, ku matso ku ji, yara. Kai mai dariya, rufe baki kada ƙuda ya shiga.

Da can ba a yi. Akwai wani mai baki ana ce masa Fintan, kullum cewa yake, "Ni aljanu ke tsoro! In na yi tari sai su shige rami." Yana da kwat na ulu mai ɗumin tsiya, ba ya cire shi ko gaban murhu.

To, matan garin jan fatari na ulu suke sawa, mai kauri kamar bargo. Na surukarsa, Inna Nula, ya ɓace daga kan shinge. Fintan ya ce, "Inna, ki haƙura, aljanu ne. Da idona na ga sun ja shi."

Ashe sun ji.

Ran kasuwa da hantsi ya ratsa wata 'yar gona mai itacen ƙaya ɗaya a tsakiya. Ya nemi ƙofa, babu! Ya zaga, shinge. Ya sake zagawa, shinge. Jama'a suka taru suka riƙe baki, ga ƙofa a buɗe gabansa yana wuce ta. Rana ta take, ta karkata, ƙafafunsa suka kumbura.

Sai murya siririya ta fito daga gindin itacen: "Mu ka yi wa ƙazafi? Juya kwat ɗinka ka fita, ko ka zaga har furfura."

"Ranku ya daɗe, in ba ku madara?"

"Juya."

"Da man shanu?"

"Juya!"

Yana kuka ya cire, ya juya, ya sa. Nan take ƙofa ta bayyana. Ya fito jajir kamar gauta, ga fatarin nan an yanka an shafe cikin kwat da shi, har facin da Inna Nula ta yi da hannunta.

Tsohuwar na cikin taron, ta dafe ƙirji. "Fatarina! Sanyin bana duk na sha shi, ashe kai ne aljanin?"

Shi ya sa har yau, in hanya ta rikice wa mutumin can, maza yake juya rigarsa, aljanu su ga ba fatarin kowa a ciki.