Gangaren Da Dillali Ya So A Fasa

Akwai wani dattijo da kowa a layinsu yake kira Baba Kafinta. Shekara arba'in ya yi yana aikin katako, kuma mutum ne da ba ya yarda da "kusan daidai". Ko ƙofar bayi zai yi, sai ya ɗora tef sau biyu kafin ya taɓa zarto.

Wata shekara matarsa ta yi hatsarin mota, ƙafafunta suka daina aiki, ta koma kan keken guragu. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, sai da maza huɗu suka ciccibe ta suka haye matakalar ƙofar gida da ita. Ta rufe fuska da mayafi don kunya. Abin ya tsaya wa Baba Kafinta a rai.

Washegari ya ɗauki guduma. Ya fasa matakalar, ya zuba gangaren siminti mai sauƙin hawa. Ya faɗaɗa kowace ƙofa, ya cire dokin ƙofa na kowane ɗaki. Ya sauko da kantocin kicin da makunnan fitila daidai hannun wanda yake zaune. Ya kafa ƙarafen dafawa a bayi. Har ƙusar rataye makulli sai da ya sauko da ita. Shekara goma sha biyu ta ƙara a duniya, ba a sake ɗaukar ta a cikin gidanta ba ko sau ɗaya.

Bayan rasuwarta gidan ya yi masa girma. 'Yarsa guda ɗaya, Auta, tana aure a gari mai nisa, kullum maganarta ke nan: "Baba, ka sayar ka dawo kusa da mu, jikokinka su riƙa ganin ka." Da ƙyar ya amince.

Aka haɗa shi da wani dillali mai waya biyu da turare mai hawa kai. Sunan da aka fi saninsa da shi Na-Gama, domin ba ya rufe baki sai ya ce, "Na gama magana." Ya zo ya ɗauki hotuna shida da wayarsa, ya sa a intanet. Da dabara ya ɗauke su: babu gangare a ciki, babu ƙarafe, babu gajerun kantoci.

Wata takwas ana kawo masu saye. Su tsaya a ƙofa su dubi gangaren, su dubi juna. Wani dogo ya shiga kicin, ya sunkuya a kan gajeriyar kantar, ya ce, "Wannan gidan yara aka gina wa?" Wata kuma ta leƙa bayi ta tambaya ko a da asibiti ne. Kowace Asabar Baba Kafinta ya share gida ya jira, kowace Asabar a bar shi da ɓacin rai.

Ran nan Na-Gama ya zaunar da shi.

"Baba, gidanka ba shi da aibi sai ƙaunar da ka zuba a ciki, mutane kuwa ba ƙauna suke saya ba. A fasa gangaren nan, a tuge ƙarafen, a mayar da kantoci sama kamar na kowa. In ba haka ba, ka haƙura da rabin farashi. Na gama magana."

Dattijo ya daɗe yana kallon gangaren da ya zuba da hannunsa. Can ya ce, "Ka ba ni wata ɗaya. In Litinin ta farko a sabon wata ta zo babu mai saye, ka kawo masu guduma."

Da Auta ta ji, ranta ya ɓaci matuƙa. Ta ce, "Baba, akwai wani irin hoto da ake yi yanzu. Mutum yana zaune a garinsu zai shiga gidanka ta wayarsa, ya bi ɗaki-ɗaki, ya juya hagu da dama kamar yana ciki. Biya ake yi, kuma ba araha ba ne, amma mu gwada."

Na-Gama ya yi dariya har da dafa ciki. "Ku biya kuɗi don a nuna wa duniya abin da nake ta ɓoyewa? Ai hotunana shida sun isa. Wannan kayan manyan gidaje ne, ba gidan kafinta ba."

Baba Kafinta dai ya ce wa Auta ta turo mai hoton.

Mai hoton mace ce, ta zo da kyamara kan sanda mai ƙafa uku. Kafin ta kafa ta, ta gaya masa gaskiya: "Baba, na'urar nan ba ta da kara. Duk abin da yake ɗaki sai ta nuna, har tabon ruwan da nake gani a silin ɗin can. Kuma ba na yi maka alkawarin mai saye."

Na-Gama ya yi wuf ya shiga bayi, ya lulluɓe ƙarafen dafawa da tawul. Baba Kafinta ya bi bayansa ya kwashe tawul ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ninke.

"Wanda zai sayi gidan nan ya san abin da yake saya," in ji shi.

Da ta gama, mai hoton ta nuna masa cewa mai kallo zai iya auna faɗin ƙofa daga cikin wayarsa. Ta taɓa nan, ta taɓa can, waya ta ce inci talatin da shida. Ku zo ku ga dattijo! Ya zaro tef daga aljihu, ya auna ƙofar, ya sake aunawa. Ya ɗago yana jinjina kai.

"Lallai na'urar nan ta yi zaman koyo a wurin kafinta."

Aka sa hoton a intanet. Mako ɗaya, shiru. Mako biyu, shiru. Har masu zuwan Asabar ma suka ɗauke ƙafa, domin duk wanda gidan bai yi masa ba yana gani daga gida ya wuce abinsa. Na-Gama ya samu abin faɗa: "Kun gani? Kun biya kuɗi kun kori 'yan kallon ma." Baba Kafinta ya yi haƙuri, amma Allah ya sani, ya fara ramewa.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce.

"Baba, ni malamar makaranta ce, an yi mini canjin wurin aiki zuwa garinku. A kan keken guragu nake. Gida goma sha huɗu maigidana ya ɗauke ni a hannu ya shigar da ni, har na rantse ba zan ƙara zuwa ganin gida ba. Jiya na shiga naka ta waya. Na auna kowace ƙofa. Don Allah, abin da na gani haka yake?"

"Haka yake, 'yata. Sau biyu na auna."

"To, ina nan tafe ranar Litinin."

Litinin da hantsi, Na-Gama ya iso da lebura biyu, kowa da guduma a kafaɗa. Ba su gama gaisawa ba wata mota ta tsaya. Wani mutum ya fito ya buɗe keke, ya zaunar da matarsa, ya kama hannun keken zai tura kamar yadda ya saba.

Malama ta ce, "Bar ni."

Ta murza ƙafafun keken da hannunta. Ta haye gangaren sumul, ta wuce leburorin da gudumarsu, ta shige falo. Ta miƙa hannu ta kunna fitila. Ta shiga ɗakin kwana ta juya keken ba tare da ta taɓa bango ba. Ta leƙa bayi ta dafa ƙarfen. Babu wanda ya nuna mata hanya, ai ta riga ta zagaye gidan sau ba adadi a wayarta.

A kicin ta tsaya. Ta kai hannu kan kantar ta ɗauko kofi, ta kunna famfo ta cika shi, ta sha. Sai hawaye.

"Shekara tara rabon da in ɗebi ruwa da kaina ban kira kowa ba," in ji ta.

Maigidanta ya juya baya yana share ido. Baba Kafinta kuwa farin ciki ya cika shi. Su leburorin nan a hankali suka sauke guduma suka jingine a bango, kamar ba da su aka zo ba.

Malama ba ta nemi ragin ko sisi ba. Da aka nuna mata tabon silin, ta ce ta gan shi tun a waya, gyaransa aikin yini ɗaya ne.

Nan fa Na-Gama ya gyara tsayuwa, ya washe baki. "Ai dama ni tun farko na ce gidan nan yana da mai shi, abin da ya kamata a yi kawai shi ne..."

Baba Kafinta ya ɗaga masa hannu. "Ɗana, ka sallami mutanenka. Yau ni na gama magana."

Dillali ya juya ya sallami leburorinsa. Har maƙwabta da suka taru a ƙofa sai da suka tuntsire da dariya.

Ranar da aka sa hannu a takardu, Auta ta zo tafiya da mahaifinta. Ya miƙa wa Malama makullin gidan. Ta karɓa, ta juya keke, ta rataye shi a ƙusar nan ta bakin ƙofa ba tare da ta ko miƙa hannu sama ba. Dattijo ya dubi ƙusar, ya dubi Malama, ya yi murmushi. Ya sauka ta gangarensa ya shiga mota, bai waiwaya ba.

Darasi: Kada ka ɓoye gaskiyar abinka don ka burge kowa. Abin da wani yake kira aibi, wani shekara da shekaru yake nemansa, kuma ba zai same ka ba sai ka nuna shi a fili. Kuɗin da ka kashe don mai buƙata ya ga gaskiya ba asara ba ne. Ku tura wa duk wanda aka matsa wa ya rushe alherin da ya gina, ko Allah zai sa ya ƙara haƙuri.