Gatarin da Bai Koma Wuta Ba

Akwai wani makiyayi a gindin duwatsu, gwanin jifa da gatari, gwanin faɗin haka da bakinsa kuma. Kura ta matsa wa garkensa, har ba abin da ya rage masa sai tunkiya guda mai ciki. Sai ya tafi wurin maƙeri, ya ce, "Baba, ƙera mini gatarin jifa, wanda kura za ta ji labarinsa tun tana rami."

Maƙerin ya ture ƙarfen garwa da na rodi gefe, ya zaɓo guntun ƙarfen sifirin na mota. Ya zuga wuta, ya yi ta bugu har baki ya fito, sa'an nan ya tsoma shi cikin ruwa yana ja wur.

Makiyayin bai jira ba. Ya sa masa ƙota, ya wasa shi, ya cafke bunsurun maƙerin ya share masa gemu tas. Ya yi dariya, ya ce, "Ya yi!"

Maƙerin ya ce, "Bai yi ba, ɗana. Tauri kawai ya yi. Sai ya koma wuta 'yar kaɗan, a hankali, taurin ya sassauta. In ba haka ba, ranar da ka kuskure ya sami dutse, zai fashe kamar tukunya."

"Ni in kuskure? Baba, a bakin wa ka taɓa ji?" Ya saɓa gatarinsa ya tafi.

Wata rana da yamma kura ta fito daga tsakanin duwatsu, ta nufi tunkiyar. Ya auna, ya jefa. Kura ta kauce. Gatari ya sami dutse, ya tarwatse.

Kurar ta tsaya tana kallonsa. Da sauran damar jifa na biyu. Ya ruga ya ɗauko gatarin, sai ya ga ƙota ce kawai a hannunsa. Yana tsaye, yana gani, ta ja tunkiyar ta shige da ita.

Ma'anar wannan misali ita ce: maƙerin nan Ubangiji ne, ƙarfen kuwa zuciyarka ce. 'Yan'uwa, da yawa cikinmu mun sha wutar farko, mun tuba, mun yi kaifi, har muna aske wa kowa gemu da baki. Amma in Ubangiji ya ce mu koma wuta, ta hanyar tsautawa, ko jira, ko neman gafarar ɗan'uwa, sai mu ce mun riga mun yi.

Ba wanda ba ya kuskure. Zuciyar da aka sassauta, in ta faɗi a kan dutse, Ubangiji yakan ɗauke ta ya sake aiki da ita. Mai tauri kuwa, faɗuwa ɗaya ta ishe ta. Ka koma wurin Maƙerin yau, tun kura ba ta fito ba.