Kwaɓin da Aka Kai Gwaji

An yi wani mutum, ɗan kwangilar gini, wanda ya koyi aiki a hannun mahaifinsa. A zamanin tsohon, idan an zuba rufin kankare, kwana ashirin da ɗaya ake yi ana ba shi ruwa safe da yamma kamar jinya, ba mai taɓa katakon tokare. Magina su zauna a ƙarƙashinsa su ci abinci, ba mai ɗaga kai. Gine-ginen nan suna tsaye har yau. Masu irin wannan hannu ne suka ƙare.

Ɗan ya samu kwangilar makaranta mai bene. Ya rage siminti, ya ƙara yashi. Ƙa'ida ita ce a ɗebi kwaɓin da ake zubawa a kai ɗakin gwaji. Ya san nasa ba zai tsallake ba. Sai ya sa aka yi kwaɓi na daban a baro guda, siminti har da ƙari, shi aka kai. Takarda ta fito fes, ya sa hannu.

Bayan shekara biyu rufin ya rufto, ranar hutu. Allah ya tsare 'ya'yan mutane.

Ya tafi wurin ƙanin matarsa, lauya, abokin wasansa. Ya ce, "To mai baƙar riga, yau dai ka yi wa yayarka rana. Mu ce kuskuren leburori ne."

Lauya bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, laifin gini hawa-hawa ne. Da jinkiri ka yi, saɓa yarjejeniya ne, diyya ce. Da leburori ne suka ɓata kwaɓi ba ka duba ba, sakaci ne, ka sake gini ka kwana a gidanka. Amma an gwada rufin, gari ne. Abin da ka kai gwaji kuma dutse. Wane alƙali zai yarda ka yi kuskure a bene guda, ka dace a baro ɗaya? Wannan zamba ce."

Takardar da ya tanada ta kare shi, ita ta ba da shaidar niyyarsa. Shekara bakwai aka yanke masa. A ta huɗu matarsa ta rasu. Da baki aka kai masa labari, bayan an dawo daga maƙabarta.

Ya 'yan uwa, wanda ya makara ya san abin da zai ce. Wanda ya yi sakaci ma yana da bakin roƙo. To wanda ya kwaɓa mai kyau don idon mai dubawa, ya zuba ruɓaɓɓe a kan yara, me zai ce? Ya san daidai, har ya nuna ya iya. Idan alƙalin duniya, mai hamma a kan kujera, ya rarrabe kuskure da ganganci, ina ga Wanda ba a kai masa samfuri?

Allah ya kiyaye mu daga aikin da fuskarsa daban, cikinsa daban. Amin.