Jan Zaren Waziri Hashimu

An ruwaito a littattafan magabata cewa Sarki Nuhu na Birnin Marke ya umarci wazirinsa Hashimu ya tsara masa duk abin da ke ƙasarsa, kowane abu ƙarƙashin jinsinsa. Waziri ya zana itace a kan fatar bijimi. Gindinsa halitta ce, ya rabu zuwa mai rai da maras rai, har reshen mutane ya rabu biyu: 'yan ƙasa da baƙi. Da yunwa ta sauka, sai Sarki ya yi hukunci da itacen, ya ce a mayar da baƙi garuruwansu.

Sai wani falke mai suna Tanimu ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an sa Inna Kubura a reshen baƙi, za a fitar da ita."

Sarki ya ce, "Mahaifiyarka ce?"

Ya ce, "Mahaifiyata ta rasu ayarinmu yana tsakiyar hamada, ina jariri. Wannan Buzuwa ta ɗauke ni, ta ba ni nono ɗaya, ta ba ɗanta ɗaya. Nata bai rayu ba, sai ta biyo ni. Yanzu ta makance. In na dawo daga fatauci takan shafa fuskata ta ce, ɗan nema, ka rame."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Baƙuwa ce, kada ka yi wa itacen ƙarya. Kada kuma ka raba su."

Waziri ya daɗe yana duban fatar, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, itacen nan ya faɗi mene ne kowa, bai faɗi mene ne shi ga waninsa ba." Ya zaro jan zare daga alkyabbarsa, ya ɗinka daga sunan Kubura zuwa na Tanimu, ya rubuta: ta shayar da shi. Ya yi ta bincike yana ƙara zare: wannan ya karantar da wane, waccan ta yi jinyar wance, har fatar ta yi ja.

Da Sarki ya ga yadda zaren ya ɗaure baƙi da 'yan ƙasa, sai ya janye hukuncinsa, ya buɗe rumbunansa, ya yafa wa Waziri sabuwar alkyabba.

Tanimu ya tarar da Inna Kubura zaune a zaure, ƙullin kayanta a cinya. Ya durƙusa ya kwance shi.

Masu ruwaya suka ce, wanda ya san sunan abu da jinsinsa ya fara sani, amma saninsa ba ya cika sai ya san abin da ya ɗaure shi da waninsa. Allah shi ne masani.